Injin Gem a Cikin Bargon Mma Sala

Ban cika shekara a Manchester ba kuɗin sukolashif ɗinmu ya tsaya cak. An yi canjin gwamnati a gida, waɗanda suka turo mu karatu sun sauka, waɗanda suka hau kuma suka ce ba su san da zamanmu ba. Ni Habibu, da ake ta yi wa kirarin injiniya a unguwa, sai ga ni a kicin ina juya burodin shekaranjiya ina neman gefen da bai yi funfuna ba. Makaranta ta bar ni ina shiga aji, don an riga an biya ta nata. Ciki da haya kuwa, wannan tsakanina da Allah ne.

Yunwar ba ita ta fi damuna ba. Tun kafin in taho idon Inna na hagu ya mutu, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma na daman ma yana bin sahu a hankali. Duk ranar da na sayi katin waya na kira gida, ƙanwata Binta ta miƙa mata, maganarta ɗaya ce: "Habibu, ka zo in gan ka tun ina gani." Ni kuma in ce mata ina nan tafe, alhali ko kuɗin bas ɗin gobe ban san inda zai fito ba.

Wani ɗan ajinmu ne ya haɗa ni da Alhaji Bashari bayan an sauko daga Juma'a. Bakano ne, ya daɗe a ƙasar, ga carbi a hannu ga ƙamshin turare. Da ya ji ni ɗan Fagge ne sai ya rungume ni, wai ai kakarsa 'yar can ce. Daga baya na lura duk wanda ya zo masa da yunwa, kakarsa 'yar unguwarsu ce.

Sana'arsa injinan gem ne, irin tsofaffin nan masu tsayin mutum: akwatin katako, gilashin talabijin a ciki, sanda da maɓallai a gaba. Ka jefa kuɗi, jiragen sama su sauko kana harbinsu har su cinye ka. A lokacin yara sun koma buga gem a ɗakunansu, gidajen gem suna ta rufewa, ana neman mai kwashe injinan ko a kyauta. Alhaji sai ya kwaso, a gyara, ya ajiye ɗaya a shagon aski, ɗaya wurin masu soya kaza da dankali, ɗaya a shagon wanki. Ƙarshen mako a buɗe cikinsa a raba abin da ya taru da mai shago. Ni kuwa na yi shekaru ina zama a shagon kawuna mai gyaran talabijin, hannuna ya san dalma tun ina firamare.

"Kai engineer ne ko? To ga practical," in ji Alhaji. "Accommodation free. Ka gode wa Allah, ƙanena."

Masaukin da yake nufi garejin bayan gidansa ne a Moss Side, katifa ɗaya a tsakanin injina. Babu abin ɗumama ɗaki. In sanyi ya ishe ni sai in kunna inji biyu in jingina da bayansu, saboda ɗumin da suke fitarwa. Da ya gane haka sai ya fara cire kuɗin wuta daga ladana. Ladan ma da tsabar kuɗin ƙarfe yake biyana, a ƙulle a leda, in shiga bas ina zazzagowa direba yana kallona, layi yana tsaki a bayana.

A kusurwar garejin akwai wani akwati da ya hana ni ko jingina da shi. Jikinsa da zanen wani koren dodo mai ido uku, ya rungumo duniya da farata. Fanel ɗin cikinsa, wato ƙwaƙwalwar gem ɗin, ya ƙone ƙurmus, Alhaji ya daɗe yana cigiyar irinsa bai samu ba. Na ɗauka son banza ne kawai yake yi wa gawar inji, sai ranar da wani Bature ya zo sayen wani tsohon injin da nake shanya tawul a kansa. Mutumin ya durƙusa, ya sa tafin hannu yana shafa zanen jikin katakon, idonsa har da ƙwalla. Alhaji ya ce da ni da Hausa in je in sayo ruwa, amma a bakin ƙofa na tsaya, na ji irin maƙudan kuɗin da aka ambata. A ranar na gane akwai Turawan da suka manyanta suna neman injinan da suka buga suna yara, kuma zanen asali shi ne dukiyar. Ko ya koɗe, ko da ƙunar sigari a jikinsa, haka suke son abinsu. Wanda ya sake wa irin wannan inji fenti ya mai da shi itacen girki. Alhaji da bakinsa ya jaddada mini haka daga baya, da ya gan ni da tsumma kusa da dodonsa: "Ko yawu kar ka sa masa. Original ake saye."

Abin da ya raba mu ya faru ne a shagon wani mai aski ɗan Jamaika. Alhaji ya buɗe inji ya ga kuɗin bai kai yadda yake so ba, sai ya ce in zazzage aljihuna a gaban mutane. Na zazzage. Katin waya ne da ya ƙare, da makulli, da ɗan guntun dalma. Ko haƙuri bai ba ni ba, ya ce mu tafi. Mai askin ya riƙo hannuna ya zaunar da ni a kujera, ya yi mini aski bai karɓi ko sisi ba, bai kuma ce mini komai ba har ya gama. Da ya yi magana da na yi kuka a wurin. Washegari na tattara kayana na bar garejin, na koma kwana a ƙasan ɗakin abokai, yau nan gobe can.

A cikin bas a titin Stockport Allah ya haɗa ni da Mma Sala. Ina waya da Binta ina rage murya, sai na ji an dafa ni ta baya.

"Kai ɗan wa ne? Hausa nake ji ko kunnena ne?"

Dattijuwa ce gajera mai jiki, 'yar zangon Kumasi a Gana. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun koma Landan, tana aikin shara da goge-goge a wani asibiti. Kafin mu sauka ta gama jin tarihina kaf, ta kuma yanke hukunci ba tare da ta nemi shawarata ba.

"Akwai box room a gidana a Levenshulme. Rent kuma in ka samu ka ba ni. Ɗan Musulmi ba zai kwana a ƙasa ba ina da gado."

A gidanta na fara cin tuwo da miyar ayoyo tun barina gida, na ci har kunya ta kama ni. Ta lura takalmina yana shan ruwa, ta ɗauko na marigayi mijinta ta ba ni. Halinta ɗaya ne da nake yawan tsokanarta a kai: tsafta kamar ciwo. Duk abin da ya tsufa a gidan nan, ko ya sha wanka ko ya sha fenti. Kowace Sallah sai ta yi wa ƙofar gida sabon shuɗin fenti da hannunta, duk da ciwon gwiwar da take fama da shi. Nakan ce, "Mma, ni ma in na daɗe a nan wata rana zan farka in gan ni shuɗi." Ta yi dariya ta ce ai da na fi kyau.

Ina zaune a nan ina ɗan gyaran talabijin da rediyo na maƙwabta, sai aka kira ni wani shagon shayi da za a rufe, in duba musu firji. A bayan shagon, ƙarƙashin kwalaye, na hango ido uku suna kallona. Koren dodon nan ne, irin na garejin Alhaji sak, zanensa lafiya lau ta kowane gefe. Mai shagon tsoho ne ɗan Girka, ya gaji da duniya. Ya ce in ina so in ɗauka, na ma hutar da shi biyan kuɗin kwashe shara. Na ari amalanken da suke ɗaukar kaya, na turo injin nan a gefen titi ana yayyafi, na rufa masa rigar sanyina ni kuma ina jiƙewa.

Mma ta buɗe ƙofa ta yi baya.

"A'uzubillahi! Wannan aljanin a gidana zai kwana? Mala'iku ta ina za su shigo?"

"Baƙo ne, Mma. Kwanan nan zai tafi. Shi ne ticket ɗina na zuwa ganin Inna."

Jin haka sai ta ɗauko tsohuwar atamfa ta lulluɓe shi a lungun shiga gida, kullum in za ta wuce sai ta yi tsaki ta matsa gefe, amma ba ta sake cewa a fitar da shi ba.

Na sha wahalarsa. Ɓeraye sun ci wayoyi, fanel ɗin ya yi tsatsa, wasu kayan sai da na ciro daga matattun talabijin. Ranar da gilashin ya kawo haske, jirage suka fara saukowa da ƙararsu, Mma ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana salati. Na sa ta kama sandar, ta harbo jirgi ɗaya, ta yi guɗa.

Na je shagon intanet na sa hotunansa a dandalin masu tara irin waɗannan injina. Wani mai suna Colin daga Birmingham ya kira ni. Kuɗin da ya taya ya isa tikitin zuwa da dawowa, har da ragowar maganin ido. Sharaɗinsa ɗaya, ya maimaita shi har na gaji: kada in taɓa zanen, ko goge shi kada in yi. Na kira gida a ranar. Inna ta ce yanzu hasken ƙofa take gani, sai kuma fuskar mutum in ya matso daf da ita. Na ce mata bayan Sallah da 'yan kwanaki zan matso daf da ita. Na ji tana gaya wa Binta a wanke labulen ɗakina.

Saura mota. Masu ba da haya suna neman lasin da katin banki, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Mutum ɗaya na sani mai motar ɗaukar injina. Na haɗiye zuciyata na je wurin Alhaji Bashari. Da na nuna masa hoton, sai da carbinsa ya tsaya. Ya nemi in sayar masa, ya ambaci kuɗin da ko takalmi mai kyau ba zai saya ba, na ce an riga an yi ciniki. Ya yi murmushi.

"Ba komai, ƙanena. Allah ya sa albarka. Ka biya fuel da ɗan wani abu, ni da kaina zan kai ka. Zan leƙo gidan in auna shi, kar ya ƙi shiga van."

Don in haɗa kuɗin motar, na karɓi aikin dako na 'yan kwanaki a wani sito a bayan gari, ina kwana can wurin wani aboki. Na dawo da safiyar ranar tafiya, na tarar da injin a naɗe cikin barguna, an ɗaure shi tam da igiyar shanya. Gidan yana warin fenti, amma Sallah ta matso, ƙofa kuma tana ta sheƙi, ban kawo komai a raina ba.

"Kar ka kwance, ɗana," in ji Mma. "Na ɗaure maka da kyau kar ruwa ya taɓa shi. Ga shinkafa da wake a kula, ku ci a hanya."

Tana ta murmushi tana ɓoye hannu a cikin mayafi. Na ɗauka murnar rabuwa da aljani ce.

Alhaji bai taɓa sakin fuska da ni irin na ranar ba. Ya sa kaset ɗin wa'azi a kan riƙon amana, yana gyaɗa kai yana cewa "Sadaƙta, Malam." Ya cinye fiye da rabin shinkafar Mma yana tuƙi. Ni kuwa ina kallon gonaki da tumaki ta taga, ina lissafin tsarabar da zan saya wa Binta.

Colin yana zaune a Ladywood, kusa da wata mashigar ruwa, a ƙasan wani dogon bene. Mutum ne mai sanƙo, ya ba hamsin baya. Falonsa babu kujerar kirki, injina ne a jere sun kewaye bango, ya kuma bar gurbi ɗaya a tsakiya. Ya haɗa mana shayi, ya ce wannan gem ɗin shi suke bugawa da wansa a bakin teku suna yara, wan nasa kuma ya rasu. Ya ce in bar shi ya kwance igiyar da kansa.

Bargon farko ya zame. Na biyun ya ƙi, sai da ya ja shi, ya ɓanɓaru da wata ƙara da har yau ina jin ta.

Shuɗi. Daga sama har ƙasa, gefe da gefe, shuɗin ƙofar Mma ne, mai sheƙi, gashin bargo ya manne a jikinsa saboda bai gama bushewa ba. Na sa farce na kankara da sauri, ina fatan dodon yana nan a ƙasa. Farin katako na tarar. An goge shi tas kafin a shafa fentin, aiki mai kyau, irin na wanda ba ya ha'inci.

Fuskar Colin ta yi ja har wuya. Sannan ya juyo ya ce hotunan wani injin na tura masa, na zo in damfare shi, dama an sha gaya masa halin irinmu. Na rantse masa. Na ce ya bari in kunna ya ga yana aiki. Na ba shi labarin idon Inna, ni da ban taɓa roƙon Bature ba, na roƙe shi da Turancin da ya gudu ya bar ni. Ya karɓe kofin shayin daga hannuna, ya buɗe ƙofa, ya ce mu fitar masa da shi kafin ya kira 'yan sanda. Muna turo injin waje na waiga, na ga Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana rubuta lambarsa a waya.

A bakin titi, ruwa yana sauka a kan shuɗin fentin, Alhaji ya gyara hularsa.

"To, ƙanena, ƙaddara ta riga ta faru. Sai dai return trip ba ya cikin agreement ɗinmu. Ni yanzu wani gari zan wuce. In ka ga dama in taimaka maka in karɓi wannan scrap ɗin, ka samu kuɗin coach ka koma Manchester."

Ba ni da kuɗin da zan mai da inji mai nauyin mutum biyu Manchester, ba ni da wanda na sani a Birmingham. Na sayar masa. Sai da motar ta sha kwana na tuna da akwatin da ke kusurwar garejinsa, mai lafiyayyen dodo, wanda ba abin da ya rasa sai fanel mai aiki. Abin da ya ba ni ya isa kuɗin mota da katin waya ɗaya. Na naɗe bargunan Mma na rungume su, na nemi tasha da tambaya.

Da magariba na iso gida. Tun kafin in ƙwanƙwasa Mma ta buɗe, da alama tana bakin taga tun la'asar. Yanzu ba ta ɓoye hannun ba. Shuɗin fenti ya shiga ƙarƙashin faratanta, yatsu biyu a naɗe da filasta, tana dogara bango saboda gwiwar ta kumbura.

"Yaya, ɗana? Bature ya yaba?"

A cikin motar nan babu irin maganar da ban shirya mata ba. Na dubi filastar nan.

"Ya yaba, Mma."

"Alhamdulillahi!" Ta ɗaga hannu sama. "Wallahi da ina jin tsoro. Na ce ya za a kai wa mutum kaya da datti haka, ya raina maka kuɗi? A wurinmu ko tukunya za ka sayar sai ka wanke ta. Da Alhaji ya zo awo na tambaye shi ko in ɗan goge maka. Ya ce gogewa ba ta isa ba, in kankare aljanin nan gaba ɗaya in sa paint, Turawa ba sa sayen abu sai yana ƙyalli. Shi ne ma ya kawo mini samfefar da na kankare da ita, da kuɗinsa. Mutumin kirki, Allah ya saka masa. Kwana biyu ban je shift a asibiti ba, a durƙushe na yi shi. Yaushe ne tafiyar?"

Na ce sai an ga yadda jirgi ya samu. Ta zuba mini tuwo, ta zauna tana kallona ina ci, tana lissafa abin da za ta ba ni in kai wa Inna. Ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda na tsani Alhaji Bashari a kan tuwon nan ba, kuma ban taɓa jin tausayin wani kamar yadda na ji nata ba. Na cinye tas don kar ta tambaye ni abin da ya same ni. Daga baya na ce mata matsalar takardu ce ta riƙe ni, ta yarda, ta yi ta zagin ofishin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Har na bar gidanta ban gaya mata ba.

Katin wayar nan da shi na kira Binta na ce a gaya wa Inna an ɗaga tafiyar. Binta ta ce labulen dai an riga an wanke.

Sai da shekara ta zagayo har ta ɗora na tara kuɗin jirgi da dako da wanke-wanke. Na shiga gida da rana tsaka, Inna tana zaune a tabarma a tsakar gida, fuskarta tana fuskantar inda ba ni nake ba. Na yi sallama, ta juyo wajen muryar. Na durƙusa na matso daf da ita kamar yadda na yi alkawari, har numfashinta yana taɓa ni. Ta ɗago hannu biyu ta kama fuskata, ta bi goshi, ta bi hanci, ta sauko haɓa, sai ta tsaya.

"Habibu, gemu ka tsayar?"

"E, Inna."

Ta daɗe tana shafa shi.

"Ya yi maka kyau? Binta, zo ki duba mini."